Shaidar da Sarkin Tafi Ya Haɗiye

Akwai wani direban tanka da mutanen unguwarsu suke kira Sarkin Tafi. Mutum ne mai fara'a, ba ya shaye-shaye, bai taɓa ɗaga wa matarsa hannu ba, kuma in ka ba shi ajiya za ka same ta yadda ka bar ta. Aibinsa ɗaya ne. Yana son gaskiya ƙwarai, amma a bakin wani. In aka faɗe ta, shi ne farkon mai jinjina. In aka ce ya zo ya kama gefe guda na nauyinta, sai ya tuna yana da uzuri.

A coci ya samo sunan. Bishop ɗin garin dattijo ne siriri mai ƙaramar murya, amma ba ya shakkar kowa. In ya hau mumbari ba ya tsayawa a kan maganar lahira kaɗai. Yakan yi maganar asibitin da babu magani a cikinsa, da samarin da ake tsarewa ba tare da an kai su gaban alƙali ba, da 'yan siyasar da ba a ganin ƙeyarsu sai zaɓe ya matso. Ba a saba tafi a tsakiyar sujada ba, amma direban ba ya iya daurewa. Da Bishop ya faɗi wadda ta shige shi, sai ka ji raf-raf-raf daga bencin baya. Katikis, mai taimaka wa limamin cocin, ya harare shi har ya gaji ya bari.

Direban ya manna hoton Bishop a gilashin tankarsa. Yakan ɗauki wa'azin a waya, in ya tashi daga aiki ya zauna a bencin amininsa mai faci ya kunna masa. Mai facin Musulmi ne, amma shi ma yana ganin girman dattijon.

"Ka ji maza!" in ji direban. "Wallahi da muna da irinsa goma, da ƙasar nan ta gyaru."

Mai faci ya ɗago daga tayar da yake dubawa cikin ruwa ya ce, "To ga ka nan, ka zama na biyu mana, saura takwas."

"Ni? Rufa mini asiri. Ni nawa tafi ne. Ai ko wasa sai da 'yan kallo."

Suka yi dariya.

Direban yana aiki ne a wani kamfani da ke narka tsofaffin batura a gefen unguwar. Aikinsa shi ne ya kwashe ruwan dattin da ke fitowa daga wurin narkawar, ya kai shi wani rami mai nisa da hukuma ta keɓe. Haka yake yi, har aka kawo sabon manaja. Manajan ya kira shi ofis ya ce hanyar ta yi nisa, tana cin mai, tana cin taya. Ya ce daga yau ya riƙa juye ruwan a kwarin da ke bayan katangar kamfani, inda ciyawa ta yi tsawo ba mai leƙawa.

Direban ya sosa ƙeya ya ce, "Ranka ya daɗe, ai rafin unguwa ta nan yake bi."

"Ruwa ne kawai, ƙasa za ta shanye. Ko kana da wani aikin da ke jiranka?"

Ba shi da wani aikin. Ya karɓi makulli ya fita. Ranar farko da ya buɗe bututun, warin ya sa shi toshe hanci da hularsa, kuma ya ga ciyawar da ruwan ya taɓa ta ƙone kamar an watsa mata wuta. Amma da aka kwana biyu sai hancinsa ya saba.

Abu ɗaya ya canza. Ya fara dawowa gida da jarkokin ruwan famfo daga kamfani, ya hana matarsa ɗiban ruwan rijiya. Matar tela ce, a zauren gidan take da keken ɗinkinta, kuma ba a yi mata rufa-rufa.

"Baban Auta, me rijiyarmu ta yi maka?"

"Ba komai. Na famfo ya fi daɗi."

"Shekara nawa muna sha ba ka ji rashin daɗinsa ba sai yanzu?"

Ya ce ta dai yi abin da ya ce. Ta ci gaba da taka kekenta.

Suna da 'ya ɗaya da ta rage a gabansu, Auta, tana firamare. Yarinya ce mai surutu, wadda in ta dawo makaranta sai ta jera kujeru ta koya musu karatu, ta kuma zane wadda ba ta amsa ba.

Bayan damina ta wuce, yaran unguwa suka fara ciwo. Da ciwon ciki yake farawa, sai amai, sai yaro ya daina cin abinci ya yi fari fat. Wasu sukan kama jijjiga. Jikan mai faci, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, yana cikin na farko da aka binne. Direban ya je gaisuwa, ya zauna kusa da amininsa, ya ce Allah ya ba da haƙuri. Bai iya haɗa ido da shi ba.

Asibitin coci ne ya gwada jinin yaran ya gano gubar dalma. Ranar Lahadi Bishop ya hau mumbari riƙe da kwalbar ruwa mai launin ƙasa-ƙasa, ya ɗora ta a gabansa.

Ya ce, "Wannan daga rijiyar unguwar bayan kamfani aka ɗebo shi. Ina gayyatar masu kamfanin, da waɗanda suka ba su izini, su zo mu sha tare. In sun sha, zan nemi gafararsu a nan inda nake tsaye. In ba za su iya sha ba, su faɗa mini da wane dalili 'ya'yan talakawa za su sha."

Ranar ba direban kaɗai ya yi tafi ba, cocin ne gaba ɗaya. Amma nasa ya fi na kowa ƙara, har hawaye ya yi. Washegari ya tafi aiki ya juye tankarsa a kwarin.

Maganar ta yi ƙarfi, rediyo ya ɗauka, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. Kamfanin ya ce shi a ramin hukuma yake zubar da dattinsa, dalmar kuma daga ƙasar wurin take. Kafin 'yan kwamitin su zo dubawa aka turo motar ture ƙasa ta binne kwarin. Sai Bishop ya yi roƙo a coci. Ya ce likitoci sun faɗi abin da ke cikin jinin yaran, amma ana bukatar mutumin da ya ga yadda gubar ta shiga ruwan da idonsa.

Da suka dawo gida matar ta tura Auta wasa, ta rufe ƙofa.

"Kai yake nema," in ji ta.

"Ni kuma?"

"Baban Auta, ni ba yarinya ba ce. Tun ranar da ka shigo da jarkokin nan na san akwai magana. Ina ɗinka wa matan nan kaya, ina kallon 'ya'yansu suna ramewa, ni ina shan mai kyau a ɓoye. Abinci ba ya wuce mini. Ka je ka faɗa masa."

"In aka kore ni fa? Me za mu ci?"

"Ga keke. Za mu ci abin da ya kawo. Kai da kake cewa da za a sami irinsa goma?"

Maganar ta soke shi. Ranar Talata ya sa rigarsa mai kyau ya tafi gidan Bishop. Ya yi tsammanin za a tsare shi a ƙofa, sai ga dattijon da kansa ya fito, sanye da silifa, ya ja shi zuwa wani ƙaramin falo. Direban ya durƙusa ya faɗi komai. Bishop bai katse shi ba, bai kuma yi masa faɗa ba.

Da ya gama sai ya ce, "Tashi ka zauna, ɗana. Abin da ka yi babba ne, amma zuwan da ka yi ma ba ƙarami ba ne. Za ka iya maimaita wannan a gaban kwamiti?"

"Baba, ko a gaban bindiga zan maimaita."

Bishop ya yi murmushi. "Bindiga ba ta taso ba. Kujeru ne da teburi. Lauyanmu zai tsaya maka, kuma ba zan bar iyalinka da yunwa ba. Ga alkawarina: ba zan kira sunanka ba. In lokaci ya yi zan ce mai shaida ya miƙe. Kai za ka miƙe da ƙafarka."

Direban ya fito yana jin kansa kamar wani sabon mutum. Ya biya wurin mai faci ya ce masa, "Ka zo zaman kwamitin nan. Za ka ga abin mamaki."

Ana gobe zama, manaja ya tara direbobi a farfajiyar kamfani. Yana murmushi ya ce, "Na ji ana cigiyar shaida. Ni dai shawara zan ba ku ta 'yan'uwa. Duk wanda ya ce an zuba wani abu a wani wuri, tambayar farko da za a yi masa ita ce, wa ya buɗe bututun? Ni ban taɓa tuƙa tanka ba. Kuma gidan yari ba shi da fanka."

Bai dubi kowa ba, amma direban ya sha jinin jikinsa. Ya koma gida bai gaya wa matarsa ba.

An yi zaman a wani babban zaure na hukuma. Mutanen unguwa suka cika shi, mata da goyo, maza a tsaye jikin bango. Direban ya zauna can baya kusa da ƙofa, matarsa a gefensa, mai faci a gabansu. Bishop ya yi magana a natse. Ya faɗi yadda yaran suke mutuwa, ya ce ƙasar da ta bar mai ƙarfi ya zuba dattinsa a kofin marar ƙarfi ta riga ta yanke wa kanta hukunci. Zauren ya ɗauki tafi har shugaban kwamiti ya buga tebur.

Sai lauyan kamfani ya miƙe, ya gyara rigarsa. Ya ce, "Baba ya iya magana, ni ma na kusa tafawa. Amma nan ba coci ba ne. An ce akwai wanda ya gani da ido. Yana ina?"

Bishop ya juyo ya fuskanci jama'a ya ce, "Yana cikin zauren nan. Ɗana, lokaci ya yi. Miƙe."

Matar ta zunguri mijinta da gwiwar hannu. Bai motsa ba. Ya hango manaja a layin gaba ya waiwayo yana duban mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a ransa bari ya ɗan jira, wataƙila wani direban ya riga shi. Ya ce a ransa ai Bishop ya riga ya faɗi komai, me nasa zai ƙara?

"Tashi mana," matar ta raɗa masa. "Don girman Allah tashi."

Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Bishop ya sake kira. Idonsa ya zo kan direban, ya ɗan tsaya, sannan ya wuce kamar bai san shi ba. Ya cika alkawarinsa.

Lauyan ya buɗe hannuwa ya ce, "Wataƙila shaidar Baba mala'ika ne, mu masu zunubi ba ma ganinsa." Wasu suka yi dariya. Dattijon ya zauna a hankali, kuma a ranar ne mutane suka fara lura cewa ya tsufa.

Kwamitin ya wanke kamfanin. Jaridun da suka yabi Bishop jiya suka ce ya tunzura jama'a da shaidar ƙarya. Manyan gari suka kai ƙararsa wurin na gaba da shi, suka ce ya mai da mumbari dandalin siyasa. Waɗanda suka cika zauren suka fara cewa, ai shi ma Baba ya cika zafi. Ba a daɗe ba aka ce lafiyarsa ta yi rauni, ya ajiye aiki, aka kai shi gidan da tsofaffin Fada, wato limaman coci, suke hutawa a wani gari mai nisa. Wanda ya gaje shi mutumin kirki ne, amma bai taɓa ambaton ruwa a wa'azi ba.

Matar direban ba ta yi masa faɗa ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Takan ajiye masa abinci ta koma kan kekenta. Shi kuma ya ci gaba da kawo jarkoki, yana gaya wa kansa cewa aƙalla gidansa ya tsira.

Wata rana aka kawo Auta daga makaranta a kafaɗar malamarsu, tana amai. Ashe kullum in ƙishirwa ta kama ta lokacin tara, takan bi ƙawayenta su sha a rijiyar makaranta. Ruwan da uwarta ke zuba mata a gora, rabawa take yi wa ƙananan 'yan aji, don sun ce nata ya fi daɗi. Babu wanda ya taɓa gaya mata dalilin da ya sa aka hana ta na rijiya, domin faɗin dalilin zai tona asirin ubanta.

Suka yi ta jinya a asibitin coci. Yarinyar da ba ta rufe baki ta koma sai dai ta bi mutum da ido. Wata safiya ta kama jijjiga, kafin likita ya iso ta cika.

Bayan an binne ta, matar ta haɗa kayanta, ta sa aka ɗora kekenta a mota. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Ban ce kai kaɗai ka kashe ta ba. Ni ma na sani na yi shiru, ina jiran ka. Amma ba zan iya kallon fuskarka ina cin abinci ba." Ta tafi gidan yayanta.

A lokacin ne direban ya sami ƙarfin halin da ya rasa. Ya ajiye makullin tanka a teburin manaja, ya tafi ofishin da kwamitin ya zauna. Aka ce masa kwamiti ya gama aiki an rushe shi. Ya je gidan rediyo, suka ce labarin ya tsufa. Ya je wurin 'yan sanda, wani ya dube shi ya ce, "Yanzu kai kanka ka kawo ƙara, ko kamfani? Ka je gida, baƙin ciki ne ke damunka." Kamfanin kuwa ya ce korarren ma'aikaci ne mai neman ramuwa. Kafin mako ya zagayo an ba wani tankar.

Ya je ya faɗa wa mai faci gaskiya a tsaye, bai iya zama a bencin ba. Mai faci ya daɗe yana kallon ƙarfen da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Ka zauna kusa da ni ranar da na binne jikana. Ka ce mini Allah ya ba ni haƙuri." Ya juya ya ci gaba da aikinsa.

Daga ƙarshe direban ya shiga mota ya nemi gidan tsofaffin Fada. Ya sami Bishop a baranda cikin keken marasa lafiya, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo. Ya rame, hannunsa ɗaya ba ya motsi. Amma ya gane shi.

Direban ya zube a ƙasa yana kuka. "Baba, na zo in ba da shaida. 'Yata ta mutu. Zan faɗa ko'ina ka ce."

Dattijon ya ɗora hannunsa mai lafiya a kansa. Maganarsa a hankali take fita. "Allah ya ji ƙanta. Wa za ka faɗa wa, ɗana? Ni yanzu ko ƙofar gidan nan sai an tura ni."

"Me ya sa ba ka kira sunana ba ranar nan? Da ka kira, da dole na tashi."

"Na yi tunanin haka. Ina yi har yanzu, kusan kullum. Na riƙe alkawarin da na yi wa mutum ɗaya, yara da yawa suka biya. Ban sani ba ko na yi daidai." Ya ja numfashi. "Duk Lahadi ina ganin coci a cike, na ɗauka ina da jama'a a bayana. Ashe a gabana suke, suna kallo."

"Ka yafe mini, Baba."

"Na yafe maka tun a zauren. Amma yafewata ba ta tace ruwa."

Wata Sista ta zo ta ce lokacin maganinsa ya yi, ta tura keken zuwa ciki. Direban bai ƙara ganinsa ba. Da labarin rasuwar dattijon ya zo, a 'yan layuka kaɗan jarida ta buga shi.

Direban yana nan a unguwar, shi kaɗai a gidan, yana dako a tasha in ya samu. Masu hali sun tashi sun bar wurin. Waɗanda ba su da inda za su, suna nan suna jefa guga a rijiyoyin, suna tace ruwan da tsumma, suna ba 'ya'yansu.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, yabon mai faɗin gaskiya ba ya sauke wa kowa nasa nauyin. Daidai ne mu ji daɗi in shugaban addini ya tsaya ya yi magana a madadin marasa murya, amma shi ma mutum ne, kuma in aka bar shi shi kaɗai za a kayar da shi a gaban idon masoyansa. In ka san abin da zai ceci wasu, ka faɗe shi a ranar da ake tambaya, ko da muryarka tana rawa, domin akwai ranar da za ka so faɗa ka rasa mai saurare. Kuma kada ka ɗauka za ka iya killace gidanka ka bar cutar ga maƙwabta, alhali 'ya'yanka da nasu tare suke wuni.